Ƙarshen mako a garin da ka yi jami'a lokacin da ɗalibai ba sa nan: tambayoyi da amsoshi

Mutane iri biyu ne suka fi yin waɗannan tambayoyi. Akwai waɗanda suka gama jami'a tuntuni, sha'awar garin ta taso musu, suna son komawa su kwana biyu. Akwai kuma ɗaliban da hutu ya riske su ba su tafi ko'ina ba. Ni ma na sha yin irin wannan tafiya, don haka wasu amsoshin daga abin da na gani da idona ne. Da "ka" aka rubuta su, amma mace da namiji duk maganar ta shafa.

Me za a je yi a garin jami'a bayan ɗalibai sun watse? Ai garin ya mutu.

Bai mutu ba, numfasawa yake yi. Abin da ɗalibi ke kira "gari" yawanci hanya uku ce ko huɗu: daga ɗakin kwana zuwa ajin lacca, daga aji zuwa laburare, daga nan zuwa wurin cin abinci, sai kuma tasha ranar tafiya gida. Shekara huɗu ko biyar mutum yana kai da komo a kansu, kansa a sunkuye, yana lissafin kwanakin da suka rage a fara jarrabawa. Sauran garin, wanda aka haifi mutane a cikinsa, suka yi aure, suka tsufa, ko kallonsa bai taɓa yi ba. Lokacin hutu ne wannan ɗaya garin ke fitowa fili, don hayaniyar da ta rufe shi ta lafa.

Sau da yawa ma garin ya girmi makarantar nesa ba kusa ba. Jami'ar Bologna ta Italiya tana ƙirga shekarunta daga 1088, amma garin yana nan tun zamanin Rumawa. Birnin Fas na Maroko ya riga ya kafu kafin a gina masallacin Al-Ƙarawiyyin, wanda ya zama jami'a, a 859. Ko jami'ar da aka kafa a sabon fili, za ka tarar akwai ƙauyuka da unguwannin da suka riga ta zama a wurin. Su ne abin kallonka na wannan karon.

Ta yaya zan san ainihin lokacin da makarantar take hutu?

Ka duba jadawalin karatu na shekarar da kake ciki, kada ka dogara da abin da ka sani a zamaninka. Jadawali yana sauyawa, yajin aiki ko annoba kan ture zango guda da watanni, kuma ba kowace tsangaya ke tafiya hutu tare da sauran ba. Ɗaliban likitanci da masu digiri na biyu da na uku galibi suna nan ko da sauran sun tafi.

In makarantar a wata ƙasa take, lissafin ya danganta da ɓangaren duniyar da take. A Turai da Amurka dogon hutu yana faɗowa ne tsakanin Yuni da Agusta ko Satumba. A Afirka ta Kudu da Ostireliya kuwa daga wajen Disamba ne zuwa Fabrairu. A Japan shekarar karatu a watan Afrilu take farawa. Wasu wuraren hutun ya fi karatun tsawo: a jami'ar Oxford ta Ingila zango uku ne, kowanne mako 8, wato mako 24 ke nan cikin mako 52 na shekara.

Makonni uku ne zan ce ka kauce musu: makon bikin yaye ɗalibai, makon da sababbin ɗalibai ke zuwa rajista, da makon ƙarshe na jarrabawa lokacin da kowa ke ɗaure kaya. A takarda wasu daga cikinsu "hutu" ne, amma garin ya fi cika a lokacin fiye da tsakiyar zango, kuma masauki sai mai rabo. Mako na biyu ko na uku bayan an watse shi ne daidai.

Kwana biyu sun isa?

Sun isa, in dai ba a hanya za ka ƙarar da su ba. Dabarar ita ce ka isa da yammacin ranar aiki ta ƙarshe, ka kwana, ka wayi gari a can. Wanda ya taso da safiyar ranar hutu ya isa da rana tsaka a gajiye, rabin hutunsa ya riga ya tafi. In tafiyar ta wuce awa huɗu ko biyar, ka nemi ƙarin kwana ɗaya, ko ka bari sai hutun da ya haɗu da ƙarshen mako.

Ka kuma tabbatar da waɗanne ranaku ne ƙarshen mako a inda za ka. A yawancin ƙasashe Asabar da Lahadi ne. A Masar Juma'a da Asabar ne, haka ma Saudiyya tun 2013, kafin nan Alhamis da Juma'a ne. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma Asabar da Lahadi a farkon 2022. Wanda ya yi karatu a ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe shekaru da yawa da suka wuce zai iya isa da tsohon lissafi, ya tarar da ofisoshi a buɗe ranar da ya ɗauka hutu ce.

A ina ya fi dacewa in sauka?

Inda za ka iya fitowa da ƙafa ka kai ga abin da ka zo gani. Wannan ya fi kyawun ɗaki muhimmanci. Masauki mai kyau a bayan gari zai mayar da kai mai jiran mota sau huɗu a rana, alhali ribar garin jami'a ita ce komai kusa yake da komai.

Jami'o'i da dama suna da gidan saukar baƙi, kuma lokacin hutu ba a cika rububinsa ba. A Birtaniya kwalejoji da yawa ma sukan ba baƙi hayar ɗakunan ɗalibai a lokacin hutu. Sai dai ka yi waya tukuna, domin hutu shi ne lokacin da jami'o'i ke karɓar taruka da yin fenti da gyaran famfo, kana iya tarar da ginin duk a hannun masu taro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da sauka a gidan tsohon aboki, ra'ayina shi ne ka kai masa ziyara amma ka kwana a wani wuri. Baƙo ba ya tashi lokacin da ya ga dama, ba ya fita ba tare da an ce "bari in raka ka" ba. In hutu ka zo nema, kwana biyu na karamci na iya gajiyar da kai fiye da aiki.

Za a bar ni in shiga harabar jami'ar ba tare da katin ɗalibi ba?

Ya danganta da makarantar. Wasu jami'o'in babu katanga tsakaninsu da gari, titin mota ma ta cikinsu ya ratsa. Wasu kuwa ƙofa ɗaya ce, da masu gadi, kuma lokacin hutu sun fi tsanantawa saboda ɗakuna babu kowa, ɓarayi kuma sun san haka. Ka riƙe katin shaidarka na ƙasa ko na wurin aiki. In makarantar tana da ofishin tsofaffin ɗalibai, tuntuɓarsu kafin ka zo yana sauƙaƙa abubuwa da yawa.

Karon farko da na koma, na nufi ƙofa kai tsaye kamar gidanmu, ko sallama ta kirki ban yi ba. Wani matashin mai gadi, wanda nake jin bai gama firamare ba lokacin da nake ɗalibi, ya tare ni ya ce, "Malam, ina zuwa?" Na ce ai nan na yi karatu. Ya ce ya ji, amma wurin wa na zo? Na tsaya ina lalube, babu sunan da zan ambata. Sai da na zauna a bencinsu kusan rabin awa, na rubuta suna da lambar waya a wani babban littafi mai yagaggen bango, kafin shugabansu ya dawo ya ce in wuce. Haushi ya kama ni a lokacin, amma gaskiyarsa ce. Wurin da nake ji kamar nawa ne, a idonsa baƙo ne ni kamar kowane baƙo. Tun daga ranar nake fara gaisawa da masu gadi da kyau, in faɗi abin da ya kawo ni kafin a tambaya.

Me zan tarar a buɗe, me zan tarar a rufe?

Duk abin da ɗalibai ne kaɗai ke riƙe da shi, ka ɗauka a rufe yake: masu buga takardu da kwafi, ƙananan wuraren cin abinci na kusa da ɗakunan kwana, motocin da ke zirga-zirga a cikin haraba. Laburare kan rage lokacin aiki, wani lokaci ba ya buɗewa sam a ƙarshen mako. Abin da mutanen gari ke amfani da shi kuwa yana nan yadda yake, har ya fi daɗin shiga, don babu layi.

Akwai kuma abubuwan jami'ar da ɗalibai ba su cika waiwaya ba: gidan adana kayan tarihi, lambun tsirrai, ɗakin nunin zane-zane, gonar gwaji, filin wasanni. Wasunsu tsofaffi ne ƙwarai. Lambun tsirrai na jami'ar Padua ta Italiya tun 1545 yake, na Oxford tun 1621, gidan tarihin Ashmolean na Oxford kuma an buɗe shi a 1683. Taka makarantar ba lallai ta kai haka daɗewa ba, amma ka bincika. Mutane da yawa sun karɓi digiri sun tafi ba su taɓa leƙa gidan tarihin da suke wucewa ta gabansa kullum ba. Kafin ka je ka tambayi ranakun buɗewa.

To a zahiri me zan yi tun daga safe har dare?

Abu ɗaya da safe, abu ɗaya da yamma, tsakaninsu ka bar fili. Wanda ya rubuta wurare goma sha biyu da zai ziyarta ya sake ƙirƙira wa kansa jadawalin lacca ne kawai.

Safiyar farko ka ba harabar. Ka fita da wuri kafin rana ta yi zafi, ka bi tsohuwar hanyarka daga ɗakin kwana zuwa sashenku, amma a hankali. Mutum yana cin kusan kilomita 5 a awa in yana tafiya sosai. Kai rabin haka ya ishe ka. Za ka ga abubuwan da sauri ya hana ka gani. Ƙofofin ɗakuna a jere kowace da kwado. Allon sanarwa da takardun zangon da ya wuce, rana ta ƙone su sun yi ja, gefunansu sun nannaɗe, ƙusoshin tsofaffin takardu sun fi takardun yawa. 'Yar hanyar yanke da ƙafafun ɗalibai suka fitar a tsakiyar ciyawa ta fara tsirowa. A cikin babban ajin lacca za ka ji ƙarar takalminka tana dawo maka, ka ga ashe ɗakin da kake jin tsoro bai kai girman da yake a ranka ba. Ka zauna a kujerar da ka saba zama in ƙofa a buɗe take. Minti goma sun isa.

Yamma kuma ta garin ce. Ka zaɓi unguwar da ba ka taɓa shiga ba, ko titin da kullum kake gani ta tagar mota ba ka taɓa sauka ba. A nan za ka fara ganin yadda makarantar ta sassaƙa garin: gidajen da aka raba ɗaki-ɗaki don haya, titunan da aka sa wa sunayen malamai. A Bologna dogayen rumfunan da suka lulluɓe gefen tituna, waɗanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2021, asalinsu yana da alaƙa da neman ƙarin ɗakuna lokacin da ɗalibai da baƙi suka yi wa garin yawa, aka riƙa faɗaɗa benaye ta saman titi. Kowane garin jami'a yana da irin tasa alamar, ko da ba ta kai wannan shahara ba. Rana ta biyu ka maimaita abin da ya fi yi maka daɗi a ta farko, ko ka zauna wuri ɗaya da littafi.

In tafi ni kaɗai, ko da abokan karatu, ko da iyali?

Tafiya uku ce daban-daban, kada ka haɗa su. Da abokai hira za a yi, a yi dariya, a tuna wane da wance, amma garin ba za ka gan shi ba, don bakinku ba zai huta ba. Yana da daɗi, sai dai taron tsofaffin ɗalibai ne. In za ku yi haka kada ku wuce mutum uku ko huɗu, in ba haka ba rabin rana za ta tafi a jiran wanda bai gama shiri ba.

Da iyali kuwa ka sani cewa ginin da ke sa gabanka faɗuwa, a wurin yaranka gini ne kawai. Ka nuna musu wuri biyu ko uku, ka ba da labari ɗaya mai ban dariya, sannan ka kai su inda za su yi gudu. Haraba lokacin hutu ta dace da yara, filaye a buɗe, motoci kaɗan. Amma karon farko, in da hali, ka je kai kaɗai. Dalili yana cikin amsar tambayar tunanin baya a ƙasa.

Ya dace in nemi tsofaffin malamaina?

Ya dace, amma da sanarwa. Hutun ɗalibai ba hutun malami ba ne: lokacin ne yake duba takardun jarrabawa, yake rubuce-rubucensa, yake tafiya taro, ƙarshen mako kuma na iyalinsa ne. Ka aika saƙo mako guda kafin zuwanka, ka faɗi sunanka da shekarar da ka gama da darasin da ya koyar da kai, don ɗalibai dubbai sun wuce ta gabansa. In ya ce ka zo, rabin awa ta wadatar, kuma kada ka je da buƙata a aljihu. In bai amsa ba, kada ka ɗauka da zafi.

Kada ka manta da waɗanda ba malamai ba: ma'aikacin laburare, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, masu shara, sakataren sashe. Sau da yawa su ne suka fi daɗewa a wurin, su ne kuma za su ba ka labarin wanda ya yi ritaya da wanda ya rasu.

Me ya sa ina shiga wurin tunanin baya ya taso mini har ƙirjina ya yi nauyi?

Ba kai kaɗai ba ne, kuma akwai dalili. Ƙwaƙwalwa tana ajiye abu tare da wurin da ya faru. A 1975 wasu masana biyu, Godden da Baddeley, sun sa masu nutso a ruwa haddace jerin kalmomi, wasu a ƙarƙashin ruwa wasu a tudu, sai aka ga mutum ya fi tuna kalmomin a wurin da ya haddace su. Shi ya sa abin da ka shekara ashirin ba ka tuna ba zai faɗo maka kana taka wata matattakalar bene. Ƙamshi da wari sun fi komai saurin yin wannan aiki, domin hanyarsu a ƙwaƙwalwa tana kusa da sassan da ke kula da tunawa da motsin rai. Warin tsofaffin littattafai a bakin laburare kaɗai ya isa.

Ga shi kuma masu bincike sun lura cewa mutanen da suka manyanta sun fi tuna abubuwan da suka faru da su tsakanin shekara 10 da 30 fiye da na sauran rayuwarsu. Shekarun jami'a a tsakiyar wannan lokaci suke. Abin da zai taso ba duk mai daɗi ba ne: darasin da aka faɗi, abokin da ya riga mu gidan gaskiya, neman auren da bai yiwu ba. Ka samu wuri ka zauna har ya wuce. Wannan ne ya sa na ce karon farko ka zo kai kaɗai, don a gaban mutane sai ka danne shi ka shiga raha.

Na tarar an rushe wurin da na fi so, garin ma ya canza. Tafiyar ta ɓaci ke nan?

A'a. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bishiyar da kuke zama a ƙarƙashinta ta zama wurin ajiye motoci, wurin cin abincinku ya koma shagon waya, an yi sababbin gine-gine a filin da kuke ƙwallo. Ka tambayi wani dattijo a unguwar yaushe aka yi canjin. Yawanci hira mai daɗi ke biyo baya. Abin da zan hana ka shi ne tare ɗalibin yanzu kana gaya masa cewa a zamaninku komai ya fi kyau. Waɗanda suka riga ku sun faɗa muku haka, kuma ka tuna yadda kuka ji.

Ni har yanzu ɗalibi ne, hutu ne kawai ban tafi gida ba. Wannan duk ya shafe ni?

Kai ma fi kowa riba, don ba ka biyan kuɗin mota ko masauki. Matsalarka ɗaya ce: ɗakin da ka yi karatun jarrabawa a cikinsa shi ne ɗakin da kake son hutawa a ciki, kuma ƙwaƙwalwa ba ta bambancewa (duba amsar tunanin baya). Ka tattara takardun zangon da ya wuce ka sa a kwali, ka fita daga haraba tun da safe, ka yi abin da aka faɗa a amsar tsarin yini kamar baƙon da ya zo daga nesa.

Kaɗaici gaskiya ne, musamman dare na biyu da na uku bayan abokan ɗaki sun tafi. Ka nemi sauran waɗanda suka rage, ba a rasa su: ɗaliban ƙasashen waje, masu rubuta kundin kammala karatu, masu aikin gwaji da ba ya tsayawa. Abota da yawa a irin wannan lokaci take ƙulluwa, tsakanin mutanen da a tsakiyar zango ko gaisawa ba sa yi. Sannan ka tabbatar hukumar ɗakunan kwana ta san kana nan, don wasu makarantun suna rufe gine-gine ko su tattara waɗanda suka rage a gini ɗaya.

Yaya batun tsaro, tunda wurin babu mutane?

Hanyar da ka saba bi da tsakar dare lokacin karatu, taron mutane ne ya sa ta zama lafiya. Yanzu babu su, wani lokaci fitilun ma a kashe suke. Ka yi yawon haraba da rana, ka bar lungunan bayan gine-gine da bakin ruwa in duhu ya yi, ka sanar da wani inda ka sauka. Ka kuma tambayi masu gadi ko mai masaukinka halin da ake ciki yanzu, don sanin da ka yi wa garin tsoho ne. Motocin haya sukan ragu da wuri lokacin hutu, saboda haka ka san yadda za ka koma masauki kafin ka yi nisa.

Na zo hutawa sai barci ya kwashe ni, wani lokaci har da ciwon kai. Lafiya kuwa?

Yawanci bashin gajiya ne jiki ke karɓa. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa sama a dare, da yawa daga cikin masu aiki da ɗalibai kuma ba sa samu. Wani masanin halayyar ɗan Adam na jami'ar Tilburg a Holan, Ad Vingerhoets, ya yi bincike kan mutanen da ciwon kai ko kasala ko ciwon jiki ke kama su daidai lokacin da suka ajiye aiki, ya samu kusan kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna fama da haka. In abin ya yi tsanani ko ya ƙi wucewa, likita za ka gani.

Daren farko ka kwanta da wuri, kada ka saita ƙararrawar waya. Barcin rana kuma ka tsaya a minti 20 zuwa 30, wanda ya wuce haka yakan tashi mutum da nauyin kai ya kuma hana barcin dare. Saƙonnin wurin aiki ka ware musu lokaci ɗaya a yini, ka kashe sanarwarsu sauran lokacin. Hotuna ma ka rage. In ka tura hoton tsohon ajinku a zauren WhatsApp na 'yan ajinku tun da safe, to ka yini kana amsa "kai, ka je ba ka faɗa ba?" Ka bari sai ka kama hanyar gida.

Yaushe ya kamata in kama hanyar komawa?

Da rana, ba da dare ba. Ka bar garin yadda za ka isa gida da sauran haske, ka yi wanka, ka shirya kayan gobe. In ka ga mako mai zuwa ne za a koma karatu, ka ƙara sammako, domin ɗalibai kan fara dawowa tun kwana biyu kafin ranar, tasha ta cika da akwatuna da katifu. Tikitin komawa ka saye shi tun ranar da ka iso, kuma in ka bar katin shaida a wurin masu gadi kamar yadda wasu makarantun ke buƙata, ka karɓe shi tun daren ƙarshe, don wanda ya karɓa daga hannunka ba lallai shi ne ke bakin ƙofa da safe ba.